Baffa da Ta'aziyyar Saje Dogo

Wanda ya ba mu aron Baffa ya karɓi abinsa a farkon sanyin bana, kuma wurinsa dukkanmu za mu koma. An yi masa salla a masallacinmu na Tremont, nan Bronx ta Amurka, maza suka kai shi makwancinsa, suka dawo suka same mu a gidansa na unguwar Morrisania.

Gidan ɗaki biyu ne da falo, lifta kuma ta lalace a makon, amma ba wanda matakala ta hana. Takalma sun cika baranda. Direbobin tasi suna zuwa rukuni-rukuni, kowa ya bar motarsa inda bai kamata ba, yana gaisuwa yana leƙen taga. Matan Zango suka kawo shinkafa da wake irin ta Kumasi, 'yan Nijar masu shaguna suka yi ta hawo da katan-katan na ruwa. Wani saurayi da ban sani ba ya zauna a bakin ƙofa yana kuka, sai daga baya na ji cewa a falon nan ya kwana watanninsa na farko a Amurka.

Duk baƙon da ya shigo, idonsa sai ya tsaya a bango. Sama da kujerar Baffa akwai labulen banɗaki na roba mai taswirar duniya, an kafe shi da ƙananan ƙusoshi. Wanda bai sani ba yakan kawar da kai don kunya. Wanda ya sani yakan yi murmushi.

Alhaji mai shagon ƙasan bene, mutumin Maraɗi, abokin Baffa kuma abokin gardamarsa, shi ya fara taɓo maganar.

"Allah shi jiƙan Malam," in ji shi. "Yanzu kam mutanen Ostireliya sun huta. Babu mai sake tare su bisa hanya."

Aka yi dariya kaɗan, shi kuma ya sa hannun riga ya share ido. Yaya, babban ɗan Baffa, ya amsa da Turanci kamar yadda ya saba, ya ce wannan magana ta bi mai ita, a bar tsoho ya huta. Inna, matar Baffa, tana cikin mayafin takaba a ƙofar ɗaki. Ni ta kalla.

Saboda kallon nan nake wannan rubutu. Ni 'yar wansa ce. Mahaifina ya rasu ina ƙarama, Baffa ya riƙe ni, daga baya ya kawo ni nan. Ban yi karatu mai zurfi ba. Aikina tura keken tsofaffi da marasa lafiya a filin jirgi na JFK. Zan faɗi abin da na gani da abin da ya faɗa mini, daidai yadda zan iya.

Baffa direban tasi ne, irin rawayar nan, tun kafin waya ta fara nuna wa mutane hanya. Yana fita da fulas ɗin shayi mai kanumfari da dadduma a but ɗin mota. Ba ya son hon. Idan na baya ya dame shi sai ya ce, "Allah ya kai ka lafiya inda kake sauri," da Hausa, gilashi a rufe. Idan sabon zuwa ya sauka a gidansa yana zumuɗin neman aiki, Baffa yakan dubi ƙafarsa ya ce, "Nemi safa tukuna." Kashegari zai kai shi kanti ya saya masa safa da rigar sanyi, ya shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa da shi har unguwar Jamaica su dawo, ya sa shi ya faɗi sunayen tashoshi da bakinsa. Yana da zafi a kan abu biyu: yaron da ya miƙa wa babba abu da hagu, da mutumin da ya ji mutuwa ya aika saƙon waya alhali ƙafarsa lafiya lau.

Amma abin da aka fi saninsa da shi a Bronx shi ne maganar Saje Dogo, kuma maganar ta girme shi.

Kakanmu, mahaifin Baffa, yana cikin samarin Kano da aka ɗiba zuwa yaƙin Bama. Yana cikin masu dako, waɗanda suke ɗaukar akwatunan harsashi da abinci a ka cikin dajin da mota ba ta shiga. A cikin Turawan da aka haɗa su da su akwai wani saje da ba ɗan Ingila ba ne. In sun kira shi Baturen Ingila sai ya bugi ƙirji ya ce Ostireliya. Sunansa ya yi wa bakinsu nauyi, suka sa masa Saje Dogo, sunan gaskiyar kuma ya ɓace. Abin da Kaka ya sani game da shi kaɗan ne. Iyayensa makiyayan tumaki ne, uwarsa tana da rai, kuma yakan zauna a ƙasa ya ci abinci tare da masu dako.

Wata rana za su haye kogi, ƙafar Kaka ta kumbura da gyambo, ga zazzaɓi, ya durƙushe da akwatinsa. Kaya kuwa ba sa tsayawa don mutum. Saje Dogo ya zo, bai yi tsawa ba, ya ɗauki akwatin ya ɗora a kansa haka nan babu gammo. Masu dako suka yi ta dariya, don ba su taɓa ganin Bature da kaya a ka ba, wuyansa sai rawa yake. Kaka ya tuɓe rigarsa ya naɗa masa gammo. Saje ya shiga layi a gurbin Kaka, Kaka yana ɗingishi a baya. Suna tsakiyar ruwa aka buɗe musu wuta daga ɗaya gaɓar. Harsashin da ya samu Saje, a gurbin Kaka ya same shi.

Suka jawo shi bakin gaɓa. Ya nemi ruwa, Kaka ya ba shi a tafin hannu. Bai daɗe ba ya cika. Sauran Turawan sun yi gaba da faɗan, Kaka da abokansa ba su yarda su bar shi a fili ba. Sun san ba Musulmi ba ne, ba su yi masa salla ba. Amma binnewa iri ɗaya suka iya. Suka wanke shi da ruwan kogin, suka naɗe shi da bargo, suka kwantar da shi a gefen dama, fuskarsa tana kallon gabas, suka ɗora duwatsu.

Kaka ya dawo Fagge da ransa, ya yi aure, ya haifi mahaifina da Baffa. Abu biyu suka tsaya masa a rai har tsufa. Na farko, a can Bama alƙibla tana yamma. Limamin soja ya sha faɗa musu, amma cikin firgici hannu ya yi abin da ya saba yi a gida, suka juya shi wajen fitowar rana. Kaka yakan ce ko ba addininsa ba ne, aikin da aka ɗauka a yi shi daidai, su kuwa sun sa mutumin ya juya baya ga inda suka yi niyya. Na biyu ya fi nauyi. A wurinmu, wanda mutum ya cika a hannunsa shi ne yake zuwa gidan mamaci da ƙafarsa, ya zauna a tabarma, ya faɗa wa uwa yadda aka rabu. Kaka bai je ba. Bai san gidan ba, bai san sunan ba, an kuma ce masa ƙasar ta fi Makka nisa.

Da Baffa ya samu tafiya Amurka, Kaka ya kira shi ɗaki. A tunaninsa ƙasashen Turawa maƙwabtan juna ne, kamar Kano da Katsina. Ya ce, "Tunda can za ka, in ka ga mutanen Saje ka yi musu gaisuwa. Ka ce ni ban samu zuwa ba." Baffa ya ce to. Bai sake ganin mahaifinsa ba.

Wani zai ɗauki wannan a matsayin maganar tsoho. Baffa ya ɗauke ta saƙo. Duk Baturen da ya shiga motarsa sai ya tambaye shi daga ina, har kunnensa ya koyi muryarsu, yana gane su tun daga yadda suke faɗin sunan titi. Da ya tabbatar, sai ya sa sigina ya gangara gefen hanya ya tsaya. Yana cewa ba a yin ta'aziyya da ƙeya. Mutum ba zai ba ka baya yana tuƙi ya ce yana yi maka gaisuwar mutuwa ba. Sai ya juyo gaba ɗaya, ya cire hula, ya faɗi maganarsa da Turancinsa na direba. Na ji ta sau da yawa, ga ta da Hausa:

"Wani ɗan ƙasarku ya mutu a Bama lokacin babban yaƙi. Soja ne, dogo, iyayensa masu kiwon tumaki. Kayan mahaifina ne a kansa. Bai mutu shi kaɗai ba. Ya sha ruwa kafin ya cika. An wanke shi, an rufe shi da hannu. Mahaifina bai samu zuwa ba, ya aiko ni. Allah ya ba ku haƙuri."

Wasu sukan ce sun gode suna duba agogo. Wani saurayi ya fara dariya, ya ga fuskar Baffa, ya haɗiye ta. Wani dattijo ya fito daga motar a tsakiyar unguwar Queens ya ƙame ya sara masa. Wata mata kuwa, da ta ga baƙin direba ya gangara da ita gefen babbar hanya ya juyo yana cire hula, ta rungume jakarta ta fara ihu. Ta kai ƙara, aka kira Baffa ofishin masu kula da tasi.

Ranar Inna ba ta raga masa ba.

"Malam, da lasisin nan muke ci. Mutumin da ko sunansa ba ka sani ba, za ka sa a kore mu kan titi saboda shi?"

"Da bai ɗauki akwatin nan ba, da babu ni, balle ki samu wanda za ki yi wa faɗa."

"To da na huta."

"Da kin auri mai shagon ƙasa, kina auna gari."

Ta jefe shi da tsumman kicin, ta shiga ɗaki tana dariya ba ta so ya gani. Aka yi masa gargaɗi aka bar masa lasisinsa. Abin da ya canza kawai, ya daina tsayawa a hanya. Sai ya kai mutum inda za shi, ya fito ya sauke masa jaka, su tsaya fuska da fuska a bakin titi, sannan ya cire hula.

Gardamarsa da Alhaji mai shago ta fi wannan daɗewa. Alhaji ya tsaya a kan cewa bai dace Musulmi ya yi ta yawo da makokin wanda ba ya salla ba. Wata Juma'a bayan an sallame suka ɗaga murya a ƙofar masallaci har mutane suka taru.

"Kai dai Malam, in an bi ta taka sai ka yi mishi sadakar arba'in."

"Na ce maka na yi masa salla? Gaisuwa na ce. Gaisuwa ta mai rai ce."

"Mai ran da bai san mamacin ba?"

"Kai da aka yi rasuwa a Maraɗi, ba mu zo shagonka mun gaishe ka ba? Ka san yaron?"

"Ɗan garinmu ne."

"To shi ma ɗan garinsu ne."

Liman ya fito yana neman takalminsa, suka sa shi a tsakiya. Ya saurare su, ya ce shi bai san inda aka hana mutum ya gode wa wanda ya yi masa alheri ba, kuma su matsa daga ƙofa mutane su wuce. Alhaji bai yarda an kayar da shi ba. Sun yi wata guda Baffa yana tsallake shagonsa ya je wani ya sayi sukari. Amma daga baya, ranar da wasu 'yan yawon buɗe ido suka ɓata hanya suka shiga shagon neman ruwa, Alhaji da kansa ya tsare su da hira, ya aika sama a kira Baffa. "Ka sauko maza, ga mutanenka nan na riƙe maka."

Labulen kuwa Inna ce ta saye shi a kantin araha, don banɗaki. Wata safiya Baffa ya shiga alwala, muka ji shiru ya yi yawa, sai ga shi ya fito da labulen a hannu, ya ɓalle shi daga ƙarfensa, ruwa yana ɗiga daga gemunsa. Ya shimfiɗa shi a tsakiyar falo ya durƙusa.

"Ku zo ku gani. Ga Bama. Ga Makka, nan yamma, gaskiyar limaminsu. To ga inda su Baba suka juya Saje." Ya ja yatsa daga Bama zuwa gabas, yatsan yana gangarowa ƙasa har ya sauka kan Ostireliya. "Gida suka juya shi. Ba su sani ba, gida suka juya shi."

Yaya ya leƙa ya ce ai wannan kudu maso gabas ne, in aka miƙe gabas sak teku za a faɗa.

"Mutanen da ake harbi, cikin daji, da ƙafa mai gyambo, kana so su auna maka da rula? Gabas ce, ta ɗan karkata."

Ya daɗe a durƙushe, tafinsa a kan robar. Ya ce, "Baba ya tafi yana ganin ya yi kuskure." Wannan ne karo ɗaya da na ga hawayensa. Labulen bai koma banɗaki ba, don Baffa ya ce ba a rataye Makka a can. Kuma tun daga ranar ya ƙara jimla ɗaya a gaisuwarsa: fuskarsa tana kallon gida.

Ba zan rage wa Yaya hakkinsa ba. Ya yi ƙoƙari ta hanyar da ya iya. Ya bincika a kwamfuta, ya yi tambaya a wuraren da ake ajiye sunayen sojoji, amma da laƙabi da tumaki da kogi marar suna ba a gano mutum. Ya ce wa Baffa abin ba zai taɓa isa ga dangin ba. Baffa ya ce shi ba a aike shi ya gano gida ba, an aike shi ya gaida mutanen Saje, kuma duk wanda ya gaisar zai koma ƙasarsu da maganar a bakinsa. Wata rana wani zai faɗa a wurin cin abinci, wata tsohuwa ta ajiye cokali.

Da ciwon sukari ya taɓa masa ido ya ajiye tuƙi, abin ya dame shi fiye da rashin motar. Mutanen Ostireliya ba sa hawowa Morrisania. In na dawo daga aiki na durƙusa na gaishe shi, yakan ce, "'Yar Baffa, yau an samu mutanen Saje a jirgi?" In ce ana samu. Ya ce, "Madalla. Allah ya kai su lafiya." Bai taɓa ce mini in yi musu gaisuwar ba. Ya san a wurin aikinmu ana son a tura keke a kai mutum ƙofar jirgi a dawo, ba a son doguwar hira, kuma ya san da aikin nake riƙe 'ya'yana. Ko a asibiti bai ɗora mini ba. Abin da ya ce kawai, a bar labulen inda yake.

Bayan an watse daga zaman makoki na koma aiki. Maganar Yaya tana raina, kallon Inna ma yana raina. Idan na yi shiru, saƙon da ya taso daga bakin kogin Bama ya bi ta Fagge ya iso Bronx, a kaina zai tsaya.

Ban daɗe da komawa ba aka ba ni wata tsohuwa in kai ta ƙofar jirginta. Farar fat, siririya, da sanda a kan cinya. Tana buɗe baki na gane muryar, don Baffa ya sha kwaikwayonta a gida. Na tambaye ta, ta ce e, gida za ta koma, ta zo ganin jika. Na yi ta turawa. Ina bayanta, ƙeyarta nake gani. Rediyon da ke kafaɗata yana kira, akwai wani fasinja yana jira.

Da muka iso kusa da ƙofar na gangara da ita gefe, wajen taga. Na taka birkin keken. Na zagayo gabanta na durƙusa, na rage muryar rediyon. Ba ni da hular cirewa, sai na haɗa hannuwana. Na faɗa mata duka, tun daga akwatin har ruwan da ya sha, har inda fuskarsa take kallo. Inda Baffa yake cewa mahaifina, na ce kakana.

Ba ta yi ihu ba, ba ta duba agogo ba. Ta daɗe tana kallona. Ta ce su ba makiyaya ba ne, kuma ba ta san kowa da ya je Bama ba. Amma ƙanin mahaifiyarta ya tafi wannan yaƙin a wani tsibiri bai dawo ba, kuma har kakarta ta mutu ba wanda ya zo ya ce mata ga yadda aka yi. Ta ce in sake faɗin wurin ruwan. Na sake. Ta ce za ta faɗa wa 'yan uwanta in ta isa.

Sai ta tambaye ni wa ya koya mini wannan. Na ce Baffana ne, ƙanin mahaifina, shi yake yi shekara da shekaru. Ta ce yana ina. Na ce ya rasu farkon sanyin nan.

Ta ajiye sandarta ta kama hannuwana biyu. Ta ce tana yi mini ta'aziyya, ni da gidanmu duka. Ta tambaya ko yana shi kaɗai lokacin. Na ce a'a, muna wurin, kuma ya sha ruwa.

Na kai ta ƙofar jirgi a kan lokaci. Shugabar aikinmu ta tambayi abin da ya tsayar da ni, na ce gaisuwar mutuwa na tsaya yi, ta dube ni ta ce kada ya zama kullum. Ba kullum ake samun mutanen Saje ba, don haka ban yi mata gardama ba.

Da yamma na hau bene na samu Inna a falo ƙarƙashin labulen, da carbi a hannu. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa, sannan ta ce, "An samu mutanen Saje a jirgi?"

Na ce an samu, kuma sun ce a gaishe ki da haƙuri.

Allah ya jiƙan Baffa, ya haskaka makwancinsa, ya haɗa shi da mahaifinsa ya ba shi labarin taswirar da bakinsa. Saje Dogo kuwa yana hannun Wanda ya halicce shi, Shi ya san abin da ya ɗauka a kansa ranar. Mu namu gaisuwa ce, kuma gobe ina da aikin safe.